Rasuwar Nani, Mai Haɗa Hoto da Murya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Fayyaz Khakwani, mai shagon hoto a kasuwar Husain Agahi da ke Multan ta ƙasar Pakistan, nake sanar da rasuwar kwamfutata, wadda 'yan kasuwa suka sani da Nani, wato Kaka. Rai ya yi halinsa ranar Laraba bayan azahar, tana da shekara goma sha huɗu.

Marigayiyar ba ta taɓa amfani da manhajar kowa ba sai tawa. Da hannuna na rubuta mata umarni layi ɗari biyu da tara: ta jera hoto ashirin da biyar a kowace daƙiƙa, ta shimfiɗa murya a gefensa, ta ɗinke su wuri guda su zama fim. Da wannan ta aurar da rabin unguwarmu. Mai haƙuri ce. Ta sha zafin Multan ba na'urar sanyaya ɗaki, ta sha shayin da ya zube mata har sau uku. Idan aiki ya yi nauyi takan ce "girrr", idan ta gama ta ce "tit", ba ta taɓa ƙara kalma a kan haka ba.

Ciwon ajalinta ya fara bara, lokacin mangwaro. Murya ta soma makara, hoto ya wuce gaba ya bar ta. Likitanta, Ustad Nazir mai gyara, ya buɗe cikinta ya duba, ya ce, "Fayyaz ɗan'uwana, ƙarfen lafiyarsa ƙalau, lissafinka ne ya tsufa." Na yafe masa.

Ciwon ya tsananta a fim ɗin ɗaurin auren 'yar Chaudhry Ilyas, wanda aka haska wa baƙi ɗari huɗu ranar walima. Ango ya buɗe baki shiru. Sai da hoto ya koma kan gwaggon amarya, Phuphi Zubaida, tana tauna ganyen fan, goron mutanenmu, sannan muryarsa ta fito ta bakinta: "Na karɓa, na karɓa, na karɓa." Tsohuwar, wadda mijinta ya rasu shekara sha tara da suka wuce, ta juyo ta dube ni ta ce, "To ɗana, tunda jama'a sun shaida, ina ɗakina?" Chaudhry bai yi dariya ba. Tun ranar ba wanda ya sake kawo mana biki.

Na zauna gabanta kwana shida ina neman inda lissafin ya karkace. Rana ta bakwai ta ce "tit" sau uku, fuskarta ta yi shuɗi, ta cika. Umarnin nan ba ni da kwafinsa a ko'ina. Tare suka tafi.

Ta bar linzamin kwamfuta mai ciwon ɓarin dama, allon rubutu da ya rasa haƙora huɗu, da matata Nasreen, wadda ta ɗauki wannan rashi da juriya mai ban mamaki.

Za a kai gawar wurin Bashir mai gwangwan gobe da ƙarfe goma, inda za a auna ta a sikeli. Zaman makoki a shago, akwai shayi da alewar sohan. A ƙarshe za a nuna ɗan fim na tunawa da ita, wanda Nasreen ta haɗa da wayarta kafin shinkafa ta nuna. Na kalle shi sau biyu ina neman aibu. Ina baƙin cikin shaida muku cewa murya da hoto sun zo daidai.