Furar Ranar Tiyata

Ranar da za a yi wa mijina aikin ƙaba a Dutsin-Ma, nas mai allurar barci ta ce kada ya ci komai, ta kuma yi masa murmushi. Ni da na ƙoshi da littattafan soyayya, nan take na gano ta: so take ya galabaita, ta zo ta tarairaye shi. Tana fita na zaro furar da na damo daga Kurfi, yana ƙi ina lallashi, har ya shanye.

Ta dawo ta tarar da gemunsa fari fat.

"Haba Hajiya! In ya yi amai cikin barci, furar nan huhunsa za ta faɗa!"

Aka ɗage aikin. Har yau in wani ya kwanta ciwo, ƙannen mijina cewa suke, "A ɓoye ludayi, ga matar Yaya nan."