Ɗankwalina a Gaban Ango

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da ranar bikin jikata Hanadi, ranar da mutanen Jidda suka ga abin da ke ƙarƙashin ɗankwalina.

Sai na fara gaya muku ko ni wace ce a unguwarmu Bani Malik kafin ranar. Ni ce tsohuwar da 'yan mata ke sake hanya in sun hango ta. In na ga silin gashi ya leƙo, sai in tsai da yarinya, ko 'yar wa ce, in ce mata, "Ke, kan naki kasuwa ce?" Tun da aka kawo ni daga Sudan ina amarya, ba namijin da ya ga kaina sai marigayi mijina, shi ma ba kullum ba.

Jikana Usama, yayan Hanadi, shi ya ja mini. Ya tafi karatu Kanada, wata rana ya kira ni ta waya mai hoto, ya ce, "Habboba, dubi inda nake." (Habboba jikokina ke ce mini, irin kiran Sudan.) Na duba. Ƙattin maza ne sun ɗaura takalma masu wuƙa a ƙasa, suna sululu a kan ƙanƙara, kowa da sandarsa, suna bin wani ɗan baƙin abu kamar wainar da aka manta a tanda. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta cikin firji ba. Na ce Allah ya shirya, na ce masa ya je ya yi salla. Da ya zo hutu sai ya sa mini abin a wayata, ya nuna mini inda zan danna, ya ba ni abin saƙalawa a kunne. Ban iya karatu ba, amma na san jan launi, kuma 'yan wasan garinsu Usama jar riga suke sawa. Ana nan ana nan, sai na wayi gari ina cewa "yaranmu".

A cikinsu akwai wanda na sa wa suna Ɗan Giɓi. Ran da na fara ganin ya yi murmushi, na ga bakinsa da nawa uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya shiga raina.

To, wasanninsu na baya-bayan nan, in na ba ku labari sai kun yi mini jaje. Akwai wanda suka fara da ci, har na tashi na ɗora shayi, kafin ruwa ya tafasa an rama, an ƙara. Akwai wanda malaminsu ya ga ana cin su, sai ya kira mai tsaron raga ya ce ya fito ya zauna. Ɓarayi na unguwa, ka cire ƙyauren gida? Aka jefa musu daga nesa kamar ana ba kaji tsaba. Akwai wanda Ɗan Giɓi ya yar da sanda ya kama dambe, alƙalan wasa masu rigar jakin dawa suka tsaya suna kallo kamar an gayyato su, da aka gama suka kulle shi a ɗakin gilashi, yana zaune ana cin 'yan'uwansa. Na ƙi cin abinci ranar. 'Yata Zainabu, uwarsu Hanadi, ta ce, "Inna, mutanen nan ba su san kina duniya ba." Na ce ni na san suna ciki.

Usama ne ya gaya mini al'adarsu: in mutum ɗaya ya ci uku a wasa guda, 'yan kallo sai su cire huluna su yi ta jefawa kan ƙanƙara. Na ce masa, "Ran da Ɗan Giɓi ya ci uku, ni ma zan jefa nawa." Ya yi dariya. Ni kuwa ba na alkawari da wasa. Kuma a yadda yaran suke, na ɗauka alkawari ne da zan mutu ba a tambaye ni shi ba.

Kwana ya tashi, biki ya zo. Dangin ango 'yan asalin Hausa ne, amma kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna, su nan aka haife su. Suna jin Hausa, in za su mayar sai Larabci. Mutane ne masu ji da kansu, a Abhur, can bakin teku wajen masu kuɗi, suka kama zauren biki. Zainabu ta yi mako tana roƙona: "Inna, ke ce babbarmu, ke za su duba su san gidan da suka ɗauki mata. Don Allah kada ki yi wa kowa faɗa." Har lalle ta sa mini a ka, wai furfura ta kwanta. Lallen ya kama fiye da yadda aka roƙe shi, kaina ya fito ja wur kamar manja. Na ce ba komai, wa zai gani.

Ashe ranar yaranmu na da wasa, irin na rana a can, wanda ke faɗowa bayan isha a nan. A ƙofar zauren mata akwai mai karɓar wayoyi, don kada a ɗauki hoton matan mutane. Ta caje kowa, da ta zo kaina ta sumbaci goshina ta ce, "Tafaddali ya Hajja," wato bismilla, shiga. Na wuce da wayata a ƙugu. (Wannan kam zunubina ne, ba na Usama ba.)

Aka zaunar da ni a gaba, kusa da uwar ango, dab da dandamalin amarya. Na cire mayafina na yi wa wayar rumfa da shi a cinya, na saƙala abin kunne ƙarƙashin ɗankwali, na sunkuyar da kai. Har na ji uwar ango na ce wa wata, "Masha Allah, tasbihi take."

Ɗan Giɓi ya ci ɗaya. Na ce alhamdu lillahi a hankali, uwar ango ta ce amin. Ya ci na biyu. Na ƙara sauti har na daina jin kiɗan zauren.

Ku da kuka san bikin Jidda kun san yadda ake. Mata na shan rawa kai a buɗe, sai mawaƙiya ta yi shela cewa ango zai shigo da mazan gidansu, a rufa. Nan take zaure ya koma baƙi, kowa ta ja abaya. An yi shelar, ni ban ji ba. Abin da na ji shi ne ƙahon da ake busawa in an ci, na ga jar fitila ta kama bayan raga, na ga Ɗan Giɓi ya ɗaga sanda.

Na miƙe. Ni da sai an kama ni nake tashi. Na fizge ɗankwalina na wurga shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na ce, "Uku."

Da na ɗago ido, zauren baƙi ƙirin daga bango zuwa bango, kai ɗaya ne a buɗe, kuma ja ne. Ango na tsaye da ubansa da baffanninsa. Ɗankwalin yana kan takalminsa.

Yaron kirki ne, shi ya ƙarasa ni. Ya duƙa ya ɗauka, ya tako har gabana idonsa a ƙasa, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Habboba, naki ne?" To na wa zai zama, ɗan nan?

Ina ɗaurawa, ido ya kai kan wayar. Masu rigar jakin dawa sun taru sun sa kai cikin wani ɗan allo. Babbansu ya fito ya shara hannuwa. An soke cin. Wai ƙafar wani ta riga wainar tsallake layi. Daga ƙarshe ma cinye mu aka yi.

Uwar ango ta juyo wajen Zainabu a hankali ta ce, "Esh hada?" Wato mene ne wannan. Na ga Hanadi a kan dandamali ta daina numfashi. Zainabu, Allah ya yi mata albarka ya yafe mata, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ce, "Al'adarmu ce ta can gida. Kakar amarya takan jefa wa ango ɗankwali, in ya ɗauka ya kawo mata, to zai riƙe amana. Ku an daina yi muku?"

Sai na ga idon matar ya kawo ruwa. Ta ce ai kamar ta taɓa jin kakarta na faɗin haka. Ta kama hannuna ta ce mun fi su riƙe asali.

A mota Zainabu ta karɓe wayar. Labari kuwa ya riga mu isa Bani Malik. Kwanan baya na tsai da wata yarinya a bakin kantin unguwa, ban ma buɗe baki ba ta ce, "Habboba, ni ma uku aka ci mini." Na wuce kamar ba ni na tsai da ita ba.

Watan jiya aka yi bikin ƙanwar angon. An aiko mota musamman ta ɗauke ni, wai in je in ga ko za a yi daidai. Ina zaune kakarsu, tsohuwa mai mutunci wadda ba ta san ƙanƙara ba balle Ɗan Giɓi, ta miƙe ta wurga nata. Aka yi guɗa. Ta juyo ta tambaye ni ko ana faɗin wani abu. Na ce ana cewa "uku".

Abin da na koya ke nan a tsufana: kafin ki cire ɗankwali, ki jira alƙali ya gama duba allonsa. In kuma aka ce miki abu al'adar kakanni ce, ki yi ladabi ki bi, amma ki sani wataƙila wata tsohuwa ce ta yi abin kunya, 'yarta ta iya magana.