Wasalin Da Na Ƙara Wa Munad

Ko zan manta da komai na zaman Alkahira, ba zan taɓa mantawa da jarrabawar baka ta shekarata ta uku ba, wadda muke kira shafawi. Darasin tarihin addinai ne, na malaminmu da muke kira Duktur, kuma na riga na faɗi shi sau ɗaya. In na sake faɗuwa sai maimaita shekara, abokaina su wuce su bar ni. Duk da haka rabin littafin na karanta (Allah Ya yafe mini, sauran lokacin ƙwallo na kalla a shagon gahawa). Na dogara da bakina, don tun a Islamiyya ni ake tura wa jawabin walima.

Da safen ranar muna cikin mikrobas, ƙaramar bas ta haya, daga unguwar Ainu Shams, ni da Habibu, ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya. Ya ce, "Ustaz, ka duba babin Gunusawa kuwa? Duktur yana son wurin nan."

"Su wa ke nan?"

"Innalillahi! Mutanen dā ne, sun yi zamani a ƙasar nan kafin Musulunci. Suna cewa akwai asali guda can sama da komai, daga gare shi komai ya kwararo. Suna kiransa Munad..."

Daidai nan motar ta tsaya, mai kiran fasinja ya cika mana kunne da kiran sunan unguwar da za mu, "Sabi'! Sabi'! Yalla!" To a Masar irin wannan mutum munadi ake ce masa, wato mai kira. Habibu ya ce Munad, kunnena ya ƙara masa wasali.

Na ce, "Khalas, na gane."

"Ban fa gama ba."

"Bar shi haka, sauran ni zan cike."

Mu huɗu aka shigar ofis a tare, har da Habibu. Duktur dattijo ne mai sanyin murya, da kofin shayi a gabansa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya ibni, me Gunusawa suke cewa game da asalin komai?"

Wallahi har daɗi na ji. Na gyara zaman hula, na saki Larabcin nan na mumbari.

"Suna kiransa al-Munadi, ya Duktur, domin shi mai kira ne. Yana can sama yana ƙwala wa rayuka kira da babbar murya. Ba ya gajiya, ba ya yin shiru ko na ƙiftawar ido."

Duktur ya ajiye kofinsa a hankali. Ni kuwa na ɗauka burge shi na yi, sai na ƙara da misali: "Kamar mai kiran fasinja a tasha ne, kowane rai ya ji sunan unguwarsu sai ya shiga." Har hannu na kai gefen baki don in nuna (e, na yi, akwai shaidu uku). Ina jin Habibu yana ta wani tari, na ce a raina mura ce.

"Masha Allah," in ji Duktur. "A ina ka karanta?"

"A... wasu littattafai, ya Duktur."

"To sun faɗi ko fasinja nawa yake cikawa kafin a tashi?"

Sauran ukun suka fashe. Wani Bamisire a cikinsu har da dukan cinya.

Sai da suka lafa sannan ya yi mini bayani, yana murmushi, abin da ya fi zagi zafi. Munad kalmar Girkanci ce, ma'anarta Ɗaya. A wurinsu ba a saninsa, ba a siffanta shi, babu sunan da ya ishe shi. Wasunsu Zurfi suke ce masa, kuma wai babu abin da ke tare da shi tun farko sai Shiru. Duniyar nan ma, in ji su, ba shi ya yi ta ba, wani ne na ƙasa da shi.

Ya ce, "Mutanen nan sun ɓata, amma ko ɓataccen ana yi masa adalci. Sun ƙare rayuwarsu suna cewa Shiru, kai ka zo ka sa shi ihu a tasha."

Gumi ya jiƙa mini hula. Na ga shekara guda tana tafiya ta bar ni.

Ya jefo tambaya ta biyu, ita ma daga rabin da ban karanta ba. Bakina ya buɗe da kansa, jawabi ya taso har maƙogwaro. Na haɗiye shi da ƙyar.

"Ban sani ba, ya Duktur."

"Alhamdu lillahi! Ga amsa ta farko da ka ba ni daidai."

Ta uku ta faɗo a rabin da na sani. Na amsa a gajarce, kamar mai tsoron kalmomin za su ƙare. Da sakamako ya fito na samu maƙbul, wato na tsallake da ƙyar, kuma ban taɓa son wata kalma kamarta ba.

Na yi istigfari, don na yi wa matattu ƙarya, kuma na yi magana a kan abin bautar wasu da ka, ba da ilimi ba. Har yau 'yan ajinmu Ustaz Munadi suke kirana, ina amsawa, don ni na saya da bakina. Amma na gano cewa "ban sani ba" ma tana da maki. Jawabina na minti biyar ne bai samu ko ɗaya ba.