Yadda Aka Raba Mana Lissafi Gida Uku

Jama'a, ranar Talata na sha rana a ƙofar makarantarmu da ke bayan kasuwar Gummi, ina riƙe da 'yar tuta, muna jiran Mai Girma Uban Manhaja. An ce mana da hantsi zai iso, sai bayan azahar muka ga motarsa. Wai layin mai ne ya riƙe direbansa. Na yi masa uzuri, tunda babur ɗina ma a can na baro shi tun ranar Asabar.

Bari in gaya muku su wa muke. Makaranta ce da ba ta da benci, rabin ajujuwan ba rufi, alli kuwa sai an gutsura an raba. Amma muna da Malama Habsu. Ita ta koya mini lissafi ina aji biyu, yau ga ni da furfura muna aiki tare. Kayan aikinta karan dawa ne, ta yanka shi tsawon yatsa, ta ɗaure goma-goma da kaba. In yaro ya zo cirewa ɗai-ɗai suka gaza, sai ta ce, "Kwance ɗauri guda, goma na ciki."

Bana manyanmu, Allah ya ƙara musu hasken tunani, suka zauna a otal mai sanyi suka gano cewa kara ne ya hana mu ci gaba. Aka sake manhaja, aka yo odar kayan ƙirga na roba: faranti mai ɗari, sanda mai gaɓa goma, ƙwaya mai ɗaya. Da kayan suka iso, aka ga iri uku ne, mu ma yanki uku ne. Don kada wani ya ce an danne shi, aka ba Anka farantai, aka ba Gummi sanduna, Bukkuyum ta samu ƙwayoyi. Adalci irin wannan ban taɓa ganinsa ba.

Maƙwabcina Makau mai faci ya ce, "Malam, to in yaron Gummi na son cire bakwai fa?"

Na ce, "Sai shi hau mota zuwa Bukkuyum."

Ya ce, "Da wane mai?"

Sufeto kuma ya zo ya ja kunne: duk malamin da aka kama da kara za a mayar da shi wata tunga a ƙetaren gulbi, inda da damina sai kwalekwale. Malama Habsu ga ciwon gwiwa, ga ritaya ta kusa. Ta ce to, ta ɓoye karanta a kwando ƙarƙashin tsohon zane. Kullum da safe tana fito da shi, ni kuma ina duba mata hanya ta tagar ajina.

To, ranar Talatar nan Mai Girma ya shiga aji biyu, ajin Malama Habsu, ɗan rediyo na biye da shi da rikoda. Ya zube sanduna a tebur, ya nuna Nusaiba, wadda ta fi kowa ƙanƙanta.

"Yarinya, talatin a cire bakwai."

Nusaiba ta ɗauki sanda uku. Ta juya ɗaya sama da ƙasa tana neman ƙulli, babu. Ta dubi Malama, Malama na duban rufin da ba shi nan. Sai yarinya ta kai sandar baki, ta sa haƙoran ciki, ƙaras. Ta ƙirga gaɓa bakwai ta ture gefe.

"Ashirin da ukku, Yallaɓai."

Hedimasta ya dafa bango. Sufeto ya zaro biro, ya sunkuyo ya ce, "Wa ya koya miki ɓarna da kayan hukuma?"

"Malama ta ce in ɗai-ɗai sunka ƙare a kwance ɗauri. Wanga kuwa ya ƙi kwantuwa."

Ni dai na fara tunanin wanda zan roƙa ya riƙa ƙetarar da tsohuwa a kwalekwale. Amma rikoda na juyawa, Mai Girma kuma ya ga tana juyawa. Ya gyara hula, ya matso kusa da rikodar, ya ce wannan shi ne ainihin abin da suka nufa tun a otal, wato yaro ya yi tunani da kansa. Aka yi tafi. Sufeto ya mayar da biro aljihu, ya fi kowa tafawa.

Malama Habsu tana nan aji biyu da gwiwarta, har an sa sunanta a kwamitin gyaran manhaja. Kwamitin ya ba da shawarar a samo sanduna masu kwantuwa, kuma an riga an ba da kwangila. Makau ya rantse ya ga ɗan kwangilar a gonakin Tungar Guru yana tayin kara.

A ranar ziyarar kuwa, da aka tashi na tarar da Nusaiba a hanya tana taɓa haƙorinta da ke girgiɗi. Na ce, "Ɗiyata, mi kika gane yau?"

Ta ce, "Na gane goman Malama da hannu ake kwancewa. Goman gwamnati kuwa sai da haƙori."