Injin Ruwa da Kwalaben Doña Herminia

"Sannu da aiki, babban injiniya. Har yanzu dai?"

Doña Herminia ce, zaune a 'yar inuwar gidansu mai taya, wato motar da suke kwana a ciki, tana fifita da kwali. Jikanta Lisandro kuwa kansa na ƙarƙashin gado inda injin ruwa yake, ƙafafunsa kaɗai suka leƙo ƙofa. Awa guda ke nan suna tsaye a gefen hanyar Chepes zuwa Vallecito, rana tsaka, ba gida gaba ba gida baya. An murɗa famfo, ko ɗigo. Fitila ta ƙi kamawa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ci masa rai firji ne da ya yi tsit, ga allurar ciwon sugarta ta wata guda a ciki, kuma in zafin nan ya dafa ta, ta tashi aiki.

"Da kai nake, maigida. Ko barci ka samu a ciki?"

"Tsohuwa, ki bar ni in ji da abu ɗaya. Wannan akwalar taki ta girmi babana. Ɓera ya ci rabin wayoyin, rabin kuma kakana ya ɗaure da igiyar takalmi."

"Kakanka da wuƙar yankan nama yake gyara ta, yana fito. Kai ka zo da akwati guda, har da wani abu mai kukan 'yan tsaki, amma ko ruwan dafa shayin mate ka kasa samo min. Shekara huɗu a makarantar wuta, ashe tsinka waya ake koya muku."

"Ke da ko rediyo ba ki iya kunnawa sai kin mare shi."

"Yana kamawa ko ba ya kamawa?"

Ya ja tsaki ya ci gaba. Ya zare fis ya duba, lafiyarsa ƙalau. Ya ɗora mita a batir, babu ko numfashi. Ya kai hannu jikin injin ruwan, sai ya janye da sauri, don ya yi zafi kamar dutsen guga. Nan ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa tanki, ya ji ƙarar wofi. Lita sittin ya ɗura da hannunsa da safe a Chepes. Ya fito ya leƙa ƙarƙashi ko yoyo ne, ƙasa a bushe ƙamas.

"Kaka."

Ta rage fifita. In ya ce Kaka, to magana ta zo.

"Ruwan tankin nan ina ya shiga?"

"Ni na sani? Tambayi rana."

"Sau nawa kika sa na tsaya yau?"

"Yanzu mai ciwon suga ake ƙirga wa fitsari? Lallai ba ka da ta ido."

"Sau biyar. Kuma duk tsayawar a gindin ɗakin Difunta."

Ya waiwaya. Ga ɗan ɗakin nan a bakin hanya, irin wanda matafiya ke ajiye ruwa a gabansa domin Difunta, matar da ƙishi ya kashe a daji. Tsofaffin kwalabe jibge, rana ta ƙona su. A gaba kuwa sababbi takwas a jere, cike fal, irin waɗanda ya gani a buhunta ya ɗauka tarkacen tsufa ne.

"Kowa kwalba ɗaya yake ajiyewa, ke kin buɗe mata gidan ruwa. Kin kwashe tanki tas, kin bar famfo a buɗe, inji ya yi ta juyi a bushe muna tafe har ya shanye batir. Ni kuma ina nan ina zagin ɓera. Allurarki ce fa ke dahuwa, Kaka. Me ya kai ki?"

"Alkawari ya kai ni." Ta ajiye kwalin. "Bara da babur ya watsar da kai, kwana tara ba ka san wanda ke kanka ba, na ce mata in ka tashi tana da kwalba arba'in. Yau na cika. Da na san da wannan bakin za ka tashi, da goma na ce."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Lisandro wannan. Kunya ta kama shi, fushin ya zube, tsoron dai yana nan. Ya kashe makunnin injin, ya tayar da mota, ya ja wayoyi daga batirinta zuwa na gidan. Firji ya fara gunji a hankali, amma kafin ya yi sanyi sai an daɗe, kwalin allurar kuwa har ya fara ɗumi. Dole a naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle a sa a iska. Ya nufi kwalaben.

"Kar ka taɓa." Babu wasa a muryarta. "Abin da na bayar a kanka ba ya dawowa."

Ya tsaya gaban ɗan ɗakin, ya cire hula, gumi na zuba.

"Baiwar Allah, kin ga tsohuwar nan? Fitinanniya ce, ta ishe ni, amma ita ke gare ni. Kwalba biyu zan ɗauka. In allurarta ta tsira, ni ma kina da arba'in a wurina."

"Arba'in?" Ta miƙe tsaye, hannu a ƙugu. "Ni da kai farashinmu ɗaya? Kai da ba ka wuce ƙashi da gemu ba, ni da na haifi tara? Ka ce ɗari, ko ka bar mata ruwanta."

"Ɗari ɗin. Amma ba daga tankina ba."

"Tankin kakanka dai, ɗan rainin hankali."

Dariya ta ƙwace mata har tana share ido. Ta kwance gyalen wuyanta ta miƙa masa.

"Ungo, jiƙa wannan, ya fi tawul riƙe sanyi. Yi sauri, maigida, kafin ka zama gwauro."