Rasuwar Rikodar Gidan Mailafiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata 'yar kunya da ba za a ɓoye ba, iyalan Yunana Mailafiya na Wusasa, mazauna Jidda, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Rikodarsu. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Oktoban 2013, ana tsakiyar darasin lissafi.

Ba a san shekarun marigayiya ba. Yunana ya tsinto ta a kasuwar gwanjo shekara uku da suka wuce, hannunta a karye, murfinta ɗaure da roba. Tun ranar da ta hau bene na huɗu ba ta sake sauka ba. A wannan fanni ita da uwar gidan, Zinariya, ba su da bambanci sosai.

Wanda bai san gidan ba, ga yadda yake. Yunana yana aikin gwajin jini a wani asibiti, ya fita da sassafe, ya dawo a gajiye. Zinariya tana cikin gida da yara uku, ɗaki biyu da falo, taga a rufe, labule a sake. Makarantar unguwa da Larabci ake yi, ta baƙi kuma tana can wani gefen gari, ga shi mace ba ta tuƙi. Majami'a babu ita a ƙasar gaba ɗaya. Saboda haka falon nan shi ne aji daga Lahadi zuwa Alhamis, shi ne wurin sujada ran Juma'a, ranar hutun maigida. Zinariya ce malama, ita ce shugabar makaranta, ita ce mai shara. Marigayiya ce kaɗai ma'aikaciyar da take da ita.

Kuma ma'aikaciya ce ta kirki. Ba ta taɓa makara ba. Ƙarfe takwas a danna ta, ta ce ƙyas, ta ja numfashi shuuu, yara su san an shiga aji. Tana da sirri: an ce ta yi ƙasa da murya, ta yi, shekara uku ba ta ɗaga ba. Ba kamar wayoyin zamani ba, masu shiga maganar mutane ba sallama.

Babban aikinta shi ne riƙon amanar kaset guda ɗaya. A aikin Hajjin 2011 wata maƙwabciyarsu ta Zariya ta taho da saƙo daga Mama Tabita, mahaifiyar Zinariya: kaset da ƙullin daddawa. Zinariya ba ta da ikon shiga Makka ta karɓa, hajiyar kuma ba ta da sararin fitowa. Malam Mukhtaru ne, direban tasi na unguwar Hindawiyya wanda kakanninsa suka zo ta Sudan, ya ɗauko saƙon ya hau benen nan da ƙafarsa, ya ƙi shan ko ruwa.

A cikin kaset ɗin tsohuwa ta zuba duk abin da take da shi. Marigayiya takan buɗe da muryarta: “To, yana ɗauka? Kai, matsa min da akuyar nan. Zinariya, ina gajiya? Godiya, an ce kin yi wayo. Ishaku, mijina, ka manta da ni ko? Zan zo in ja kunnenka.” Sai waƙar ƙirga da ta ƙago wa jikoki: “Ɗaya, kaza ta fito. Biyu, ta tono gero. Uku, shaho ya leƙo, ku gudu ku shige akurki.” Da wannan waƙa yara uku suka iya ƙirga, har Alheri da aka haifa a nan, wadda ba ta taɓa ganin kaza da rai ba. Bayan waƙar sai addu'o'i, sai waƙoƙin zumuntar matan majami'a, ana jin zakara a bayan gida.

Mako biyar da isowar saƙon Mama Tabita ta rasu. Fasfon iyali yana hannun kafili, wato uban gidan aikin Yunana, bizar fita kuma ba ta fito ba sai da aka kwana goma sha ɗaya da binnewa. Zinariya ta yi makokin uwarta a kicin, da famfo a buɗe don kada yara su ji. Washegari ƙarfe takwas aka shiga aji.

A nan ne wata ɗabi'a ta samo asali, kuma gara a faɗe ta. Can ƙarshen kaset tsohuwa takan ce, “Af, Zinariya, abu ɗaya na manta ban gaya miki ba.” Ranar farko kukan jaririya ya sa aka kashe daidai nan. Bayan rasuwar kuwa, da gangan Zinariya take kashewa. Ta ce a ranta muddin ba ta ji ƙarshen ba, uwarta ba ta gama magana ba. Ta ajiye shi sai ranar da za ta tsaya a bakin kabari. Kusan shekara biyu yatsanta yana kan maɓalli. Wannan ba haƙuri ba ne, ko da yake ya yi kama da shi. Rowa ce mutum yake yi wa kansa.

Game da ajalin marigayiya, likitoci ba su da laifi, yara ma ba su da shi. Ranar Litinin Zinariya ta buɗe ƙofa za ta ajiye shara, ta yi kiciɓis da sabuwar maƙwabciya. Matar ta yi murmushi, ta nuna bango, ta ce da Larabci muryar tsohuwar nan tana da daɗi. Yabo ne kawai. Amma wanda ya shekara uku yana raɗa, ko gaisuwa aka yi masa sai gabansa ya faɗi. Zinariya ta kwana tana tunanin me aka ji, wa za a gaya wa, me zai sami aikin Yunana. Da safe ta kwashe makarantar kacokan ta mai da ita ɗakin ciki, nesa da bangon.

Tsofaffin gidajen garin nan wuta iri biyu gare su, mai ɗari da goma da mai ɗari biyu da ashirin, soket ɗin kuma kamarsu ɗaya. Yunana ya bi masu ƙarfin duka ya manna musu filastar asibiti, ban da na bayan kwaba, don ba wanda ya zaci za a kai can. Marigayiya 'yar ɗari da goma ce. Aka jona ta, aka danna. Ta kai “shaho ya leƙo”, ta ce ɗas, ta saki wani siririn hayaƙi. Kalamanta na ƙarshe ke nan. Tsoro ne ya kashe ta, wuta dai an aike ta ne.

Kaset ya maƙale a ciki, murfi ya ƙi buɗuwa. Aka kira Malam Mukhtaru, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, “Ma fi mushkila, ba damuwa, 'yar'uwa. Akwai wani tsoho a Hindawiyya, ba rediyon da ya gagare shi. Kawo in kai.” Zinariya ta gaya masa abin da ke cikin kaset ɗin, da irin waƙoƙin. Ya sosa ƙeya. “To, khalas, shi ke nan. Rikodar ta zauna, ni in je in tambayo.” Da la'asar ya dawo da ƙaramar sukundireba da bayanin tsoho dalla-dalla.

Zinariya ta yi aikin da hannunta a kan tabarmar aji, yara uku sun kewaye ta. An ceto kaset, amma da za a zare shi zaren ya kwance ya naɗe a cikin ƙarfe, ya cukurkuɗe, sai da aka sa almakashi. An liƙa abin da ya liƙu. Wurin da ya tafi kuwa, ta wannan fuska waƙar ƙirga ce, ta ɗaya fuskar kuma ƙarshen ne. Ta zauna da guntun baƙin zare a tafin hannu, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ta ɗora abinci ba.

Sai Godiya, 'yar shekara takwas, ta matso ta amsa laifin da ba a tuhume ta ba. Ashe duk ranar da uwar ta shiga wanka, su ukun sukan bar kaset ya tafi har ya tsaya da kansa. Ta haddace shi tsaf, har da tarin. Ta gyara tsayuwa kamar mai ba da hadda, ta kawo shi da muryar kakarta: “Af, Zinariya, abu ɗaya na manta ban gaya miki ba. Daddawar nan ba ta gama bushewa ba, ki shanya ta a rana kada ta yi fumfuna. Ki buɗe taga mana, ko ba ku da rana a can? To, shi ke nan. Sai kun zo.”

An yafe wa Godiya rashin biyayya, amma kada sauran yara su ɗauka an buɗe ƙofa.

Marigayiya ta bar kaset ɗaya mai tabo, wanda ba a san inda za a sake jin sa ba. Ta bar ɗalibai uku, da allo, da malama guda. Ta bar wayar wuta, lafiyarta ƙalau, ba ta da aikin yi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, a falo, ba a ɗakin ciki ba. Za a sa gawar a kwalin madara. Yunana zai sauka da ita, Malam Mukhtaru ya kai ta Hindawiyya, tsohon nan ya cire abin da zai amfani wasu. Ita dai ta sami fita. Ba a bukatar masu zuwa gaisuwa, gidan ba ya ɗaukar taro. Makaranta za ta koma ranar Lahadi ƙarfe takwas, malama za ta yi waƙar ƙirga da bakinta.

Kafin a fitar da gawa za a ɗage labule a buɗe taga. Godiya za ta maimaita saƙon sau ɗaya. Daga nan Zinariya za ta ba uwarta amsar da ta riƙe shekara biyu, da muryar da ake magana da ita a tsakar gida, ko maƙwabciya tana ji ko ba ta ji: “Na ji, Mama. Na buɗe.”