Ruwan da Inna Mariyama ta kawo mini

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tace ruwan da ba ya bukatar tacewa ba, kuma a gaban gari guda.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin. Aikina kan wani ƙauye ne da ke kan hanyar Bonkuku, inda ruwan famfonsu yake da sinadarin fuluwor fiye da kima. Shi ne ke rina haƙoran yara su yi ja, in an daɗe ana sha har ƙashi yake lanƙwasawa. Ni da malamina muka haɗa wani gari na yumɓu da ƙarfe, mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa (nano muke ce masa, ni kuwa nakan faɗi kalmar da ƙarfi don a san na yi karatu). In ruwa ya bi ta cikinsa, fuluwor sai ya manne ya tsaya. A labo dai, wato ɗakin gwajinmu, haka ya yi.

Muka tashi daga Filinge da hantsi, na sha farar riga har da ɗaure wuya. Maigari ya tara jama'a a gindin gawo, mata da goyo sun cika wurin, don tambayarsu ɗaya ce: yaushe yara za su sha ruwan famfo ba tsoro? Na girka bokitaina biyu na tace ruwa, na ce wa Inna Mariyama, shugabar matan da ke kula da famfon, a kawo mini ruwa. Haka kawai na ce, ruwa. Ta tafi ta dawo da jarka cike.

Malamina ya raɗa mini in auna kafin in zuba. Na ce ai na auna famfon watan jiya, na san lambarsa da ka, kada a ɓata maganin awo. (Gaskiyar magana, ɗoki ne ya hana ni.) Na zuba, ruwa ya tsiyaye, na auna. Fuluwor kamar babu! Wallahi ko a labo ban taɓa samun irin wannan ba. Kaina ya kumbura. Na ɗaga kofi sama na shaida wa gari cewa daga yau yaransu sun tsira. Mata suka rangaɗa guɗa, Maigari ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, ni kuwa har na fara tsara yadda zan rubuta sunana a bangon rahoto.

Malamina bai yi tafi ba. Ya juya wurin Inna Mariyama, ya tambaye ta da ladabi ko da safe aka bugo ruwan nan.

"Wane bugu, Malam?" in ji ta. "Na rijiyar fadama ne, da amalanken jaki munka ɗauko shi jiya saboda ku. Mu ba baƙo ruwan da ke ɓata haƙora? Allah shi kiyaye."

Ni ɗan Kurfai ne fa, a gidanmu ma ba a ba baƙo abin da aka raina, amma boko ya mantar da ni. Kofin yana sama har lokacin, na rasa yadda zan sauke shi.

Na ɗauki jarka na tafi famfon da ƙafata, gari na biye da ni. Na bugo, na auna, na tace, na sake aunawa. Garin yumɓun ya yi aiki, lambar ta sauka, amma ba ta kai inda yaro zai sha ba. Da bakin nan da ya yi alkawari na ce wa iyaye mata su dakata tukuna. Kunya daban, wannan daban. Na ga wata ta gyara goyonta ta juya, abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Inna Mariyama ta matso ta ce, "Ɗana, kada ka ji komai. Koma ka gyara, muna nan."

Sai bayan girbi muka dace da adadin garin da ya isa. Tun daga nan duk ƙauyen da na je, ni nake buga famfo da hannuna. Ana dariya, ana cewa baƙon nan bai yarda da kowa ba. Na yarda da su mana. Karamcinsu ne nake tsoro.